Majami'u Da Gadojin Birnin Hambug

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili cikin jaridarka, in ba 'yan'uwana ma'aikata da malamai labarin wani birni na ƙasar Jamus wanda a ke kira Hambug. Ofishinmu ne ya aike ni can koyon lissafin kayan jiragen ruwa, na yi wata 3. Labarin aikin ba zai ƙari kowa da kome ba, gama lissafi ko'ina lissafi ne. Abin da na ke so in faɗa shi ne abin da na gani ran Asabar da ran Lahadi, sa'ad da na kan bi tsohon gari da ƙafa ina duban majami'unsu, watau coci-coci, da gadojinsu na dā.

Watakila wani ya ce, ina ruwanmu da Hambug? To, da ruwanmu. Baturen nan Dokta Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851 da sunan Abdulkarimu, ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta da ganuwarta, a nan aka haife shi cikin 1821. Abokin tafiyarsa Overweg, wanda ya rasu a bakin Tabkin Cadi cikin 1852, shi ma ɗan garin ne. Da Barth ya koma gida cikin 1855 ya tafi da samari biyu, Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi, har ya kai su Hambug. Dorugun nan shi ne wanda wani mai wa'azi, Schön, ya rubuta Hausa mai yawa daga bakinsa, a Kano kuwa ya rasu cikin 1912. Ashe an riga ni taka titunan nan da shekara fiye da 160.

Birnin yana bakin Kogin Elbe, mutanensa sun kusa miliyan 2, shi ne babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus. Tsohon garin duk lungunan ruwa sun ratsa shi, kamar yadda lunguna su ke ratsa unguwa a wurinmu, sai dai nan kwalekwale ke bi. Saboda haka gada ta yi musu yawa, lissafin da a ke faɗa wajen 2,500 ne manya da ƙanana. Daga garin zuwa teku tafiyar mil 60 ce da wani abu, amma duk da haka cikowar teku da janyewarta suna isowa har cikin lungunan, sau biyu kowace rana, ruwa ya hau ya sauka fiye da mita 3. In ka wuce da hantsi ka ga ruwa yana lasar bangayen gidaje, ka komo da la'asar sai ka tarar da taɓo baƙi ƙirin, kwalekwale zaune a kai.

Wanda ke so ya fahimci garin sai ya fara da wata 'yar gada da a ke kira Trostbrücke. Ba ta da tsawo, taki kaɗan ka ƙetare. An ambaci gada a wurin tun 1266, amma wadda ke nan yanzu ta wajen 1881 ce. A kanta akwai siffofin mutum biyu na dutse suna fuskantar juna. Ɗaya Ansgar ne, limamin Kirista na farko da aka naɗa a kan garin cikin 831, wanda mahara daga arewa suka ƙone majami'arsa cikin 845. Ɗayan kuwa Adolf na Uku ne, mai sarautar ƙasar, wanda ya kafa wa fatake sabon gari a ƙetaren ruwan wajen 1188. Gari biyu ke nan, na malamai da na 'yan kasuwa, gada ta gama su, suka zama ɗaya cikin 1216. A bakin gadar nan gidan majalisar gari ya tsaya shekara fiye da 500.

Abin da ya kawar da shi gobara ce. Da daren 5 ga Mayu 1842 wuta ta tashi a titin Deichstrasse, inda gidajen attajirai su ke, gabansu titi bayansu ruwa. Aka yi rashin sa'a an daɗe ba ruwan sama, ga iska, ga rumbuna cike da kaya masu cin wuta. Ta ci har 8 ga wata. Da abin ya gagara sai mahukunta suka sa albarushi suka tarwatsa gidan majalisarsu da hannunsu, wai ko wutar ta rasa abin ci ta tsaya, ba ta kuwa tsaya ba. Mutum 51 suka mutu, wajen 20,000 suka rasa wurin kwana. Titin da wutar ta mutu har yau sunansa Brandsende, ma'anarsa Ƙarshen Gobara. Wani injiniya Ingilishi, Lindley, shi ya shirya musu famfo da magudanan ƙazanta sa'ad da suka sake ginin garin.

Kusa da nan ƙwarai akwai gadar da ta fi kowace tsufa a garin, Zollenbrücke, watau Gadar Kwastan, gama a gefenta gidan karɓar kuɗin fito ya ke a zamanin dā. An gina ta cikin 1633 da sassaƙaƙƙen dutse, bakan gizo uku, ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ni da na ke akawun kaya na daɗe a kanta, ina tunanin 'yan'uwana na wancan zamani da alƙalumansu na gashin tsuntsu, suna ƙirga ganguna da buhuna. Amma ga abin mamaki. Lungun ruwan da aka yi gadar dominsa babu shi. Bayan Yaƙin Hitila aka cike shi da ɓaraguzan gidajen da bom ya rushe, aka shimfiɗa hanya. Gadar tana nan, a gefe guda ɗan guntun ruwa, a ɗaya gefen ƙasa da gine-gine. Mota ba ta binta, mai ƙafa ma yana iya kewayewa. Ba ta da sauran aiki, amma ba wanda ya ce a ɗebe duwatsunta a yi wani abu da su. Ana share ta, ana gyaran ƙarafan gefenta, kamar tsohuwar da ta daina aiki a gida amma ba a fasa kai mata tuwo ba.

Daga nan in ka ɗaga kai sai ka ga wata hasumiya baƙa, mai tsini, ta tokare sama. Ita ce ta Majami'ar Nikolai, a nan kuwa na ke so masu karatu su yi haƙuri da ni in daɗe.

Tun 1195 akwai ɗakin sujada a wurin, na matuƙan jiragen ruwa da fatake. Ya girma ya zama babbar majami'a, gobarar 1842 ta cinye ta tun ranar farko. Suka tara kuɗi, aka kira masu zanen gini su yi gasa, daga ƙarshe aka ba wani Ingilishi aikin, sunansa Gilbert Scott. An fara cikin 1846, watau sa'ad da Dorugu ya zo ana cikin ginin. Aka gama hasumiyar cikin 1874, tsawonta mita 147, ƙafa 480 ke nan da 'yan kai. Daga shekarar nan zuwa 1876 babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya duka.

Cikin Yuli 1943 jiragen saman Ingila da na Amurka suka auka wa Hambug, Ingilishi da dare, Amurkawa da rana. Sunan da suka sa wa harin shi ne Gwamrata, ɗaya daga cikin biranen mutanen Annabi Luɗu waɗanda aka hallaka, malamai sun san labarin. Daren 27 ga wata ya fi muni. Zafi a ke yi, ga fari, boma-bomai masu ta da wuta suka zuba a unguwannin ma'aikata na gabashin gari, gobara dubbai suka haɗu suka zama ɗaya. Wuta in ta yi girma haka sai zafinta ya tashi sama, ta riƙa zuƙo iska daga kowane gefe, iskar ta zama guguwa mai tumɓuke itatuwa. Waɗanda suka ɓuya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa numfashi ya ƙare musu, waɗanda suka fito kwalta ta narke ta riƙe ƙafafunsu. Mutum fiye da 34,000 suka mutu cikin 'yan kwanakin nan, wajen 900,000 suka gudu daga garin. Hasumiyar da Ingilishi ya zana ita ce alamar da matuƙan Ingilishi su ke gane tsakiyar gari da ita. Rufin majami'ar ya faɗa ciki, cikinta ya ƙone, hasumiyar ba ta faɗi ba.

Da aka gama yaƙi bangayen suna tsaye, da an so da an rufa su. Ba a yi ba. Cikin 1951 aka rushe mafi yawansu, aka bar hasumiya da 'yan kusurwoyi, jama'ar majami'ar suka gina sabuwa a wata unguwa cikin 1962. Kada mai karatu ya ɗauka duk hikima ce ta sa. Kuɗi ya yi wuya, mutanen unguwar sun watse, ga shi kuwa ana son wuri don wata babbar hanyar mota, wadda har yanzu ta ke ruri a gefen kangon dare da rana. Amma ko mene ne dalilin farko, daga baya sun mai da wurin abin tunawa da waɗanda yaƙi da zalunci suka ci daga 1933 zuwa 1945. Ka shiga ta ƙofar da babu ƙyaure, ka tsaya inda dā mutane ke durƙuso, sama ce rufinka. An rataye ƙararrawa 51 a jikin hasumiyar cikin 1993, akwai kuma lif na gilashi mai kai mutum mita 76 sama. A can an kafa hotunan garin na bayan harin, ka dubi hoto ka ga kangaye iyakar ganinka, ka ɗaga ido ka ga wurin nan dai cike da benaye.

Abin da ya fi kama ni yana ƙarƙashin ƙasa, inda suka yi gidan tarihi. Na zaci kukan abin da aka yi musu kaɗai zan tarar. Sai na ga sun fara da abin da su suka yi: yadda aka kori Yahudawan garin aka kai su mahallaka, yadda jiragen Jamus suka ragargaza Warso ta ƙasar Folan cikin 1939 da Kobantiri ta Ingila cikin 1940, sa'an nan suka zo kan nasu daren. Har sun nuna yadda aka fito da fursunoni daga sansanin Neuengamme aka tilasta su kwasar gawa da tonon bom ɗin da bai fashe ba. Na tarar da 'yan makaranta da malamarsu, yara masu surutu a waje, da suka sauko ƙasa ba wanda ya ce musu su yi shiru, suka yi. Kakanninmu da yawa sun sa kaki a yaƙin nan, sun je Habasha da Bama a ƙarƙashin tutar Ingilishi, mun tashi muna jin labarinsa ta gefen waɗanda suka ci. Ban fito ina ganin Hitila yana da gaskiya ko ta anini ba, su ma masu wurin ba haka su ke so ba. Amma ban taɓa ganin mutanen da suka rubuta laifinsu da hasararsu a bango ɗaya ba sai nan. A ganina kangon nan ya fi dukan majami'un da aka gyara wa'azi.

A kan hasumiyar ne ganuwar Kano ta faɗo mini a rai, wadda ɗan garin nan ya kewaya ya zana taswirarta. Wanda ya bi ta yau ya san abin da ya rage: wani wuri an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani wuri an yi gida a kai, waɗansu ƙofofin an rushe su don faɗaɗa hanya aka sake su da siminti. Na san ƙasa ba dutse ba ce, kowace damina sai ta ci rabonta, gyaranta kuwa aikin gayya ne na gari duka, wanda babu mai kiransa yanzu. Amma ita ba bom ne ya faɗa mata ba.

Manyan majami'un garin biyar ne, dukansu na mabiya Martin Luther tun da garin ya karɓi koyarwarsa cikin 1529. Ta Katarina tana bakin ruwa wajen rumbunan tashar, da kambin zinariya a hasumiyarta, wanda mutanen gari ke cewa wai daga dukiyar wani ɗan fashin teku aka ƙera shi, amma wannan tatsuniya ce. Ta Bitrus tana tsakiyar kantuna. Ita ma ta ƙone cikin 1842 aka sake ta, sai dai a ƙyaurenta akwai mariƙi na tagulla mai siffar kan zaki, na 1342, wanda ya tsira. A ciki akwai hoton abin da ya faru da Kirsimati na 1813, sa'ad da sojan Faransa ke riƙe da garin: duk talakan da bai iya nuna abincin wata 6 ba aka tara su a majami'ar da dare, da gari ya waye aka kore su bayan ganuwa cikin tsananin sanyi, da yawa suka mutu.

Ta Yakubu kuwa abin alfaharinta shi ne ogan, watau abin kiɗan majami'a. Sai ka ce an tara algaita da kakaki da sarewa wajen 4,000, iska tana busa su, mutum ɗaya yana sarrafa su da yatsu da ƙafafu. Wani gwani, Arp Schnitger, ya gama ƙera shi cikin 1693. Cikin 1942 masu hangen nesa suka kwance bututun suka ɓoye a wani ɗaki mai kauri, da majami'ar ta ƙone cikin 1944 ba su ciki, shi ya sa har yau a ke jin muryarsu. Akwai wani labari nan da zai yi wa 'yan'uwana akawuna daɗi, ko kuwa ciwo. Cikin 1720 aka nemi makaɗin ogan ɗin. Cikin waɗanda suka nuna sha'awa har da Bach, wanda Turawa ke lissafa shi cikin manyan makaɗansu na kowane zamani. Ba shi ya sami aikin ba. Wanda ya samu ya zuba wa baitulmalin majami'ar kuɗinsu mark 4,000, a fili, aka rubuta a littafi, gama al'adar garin ke nan a lokacin.

Kada kuma a ce mutanen Hambug ba su taɓa ɓarna da hannunsu ba. Majami'arsu mafi daraja ta dā, wadda a ke kira Dom, ba wuta ta ci ta ba, ba yaƙi ba. Da ta shigo hannun majalisar gari sai suka rushe ta daga 1804, aka sayar da duwatsun. Yanzu fili ne da ciyawa, an jera fararen dakali inda ginshiƙanta su ke dā. Sunan kaɗai ya rage, a kan wata kasuwar wasanni da a ke ci sau uku a shekara.

Ta biyar ita ce ta Mala'ika Mika'ilu, wadda su ke kira Michel, ita ce kuwa alamar garin. Tana kan tudu tana duban tashar, hasumiyarta mita 132, an lulluɓe ta da jan ƙarfe, kowace fuskar agogonta mita 8 ce. Matuƙin da ya yi wata da watanni a teku, ita ya kan fara hange in ya hawo kogi. Bisa babbar ƙofa ga siffar Mika'ilu ya taka Shaiɗan. Cikinta fari ne da ruwan zinariya, haske ko'ina, tana cin mutum 2,500, babu duhun nan na sauran majami'un. Aradu ta faɗa wa ta farko cikin 1750 ta ƙone ƙurmus. Suka gina ta biyu, aka gama hasumiyarta cikin 1786. Ran 3 ga Yuli 1906 maƙera suna liƙin jan ƙarfe da wuta a hasumiyar, ta kama, mai gadin sama ya aika da labari ga 'yan kwana-kwana, shi kuwa bai sami sauka ba. Aka yi gardama ko a yi sabon fasali, mutanen gari suka ce su dai a mayar musu da abinsu yadda ya ke, aka mayar, aka buɗe cikin 1912, sai dai wannan karon ƙarfe aka sa a ciki maimakon katako. Bom ya sake lalata ta cikin 1944 da 1945, suka sake gyarawa, aka koma sujada cikin 1952. Tsakaninta da Nikolai ba ya wuce tafiyar minti 10.

A wani bango na cikinta na ga allon tunawa da sojan garin waɗanda suka mutu a Sin da Afirka zamanin da Jamus ke da ƙasashen mallaka. An jera sunayensu. Yaƙin da Jamusawa suka yi a ƙasar da a ke kira Namibiya yanzu, daga 1904 zuwa 1908, ya ci Herero da Nama dubun dubbai, har gwamnatin Jamus ta amsa cikin 2021 cewa kisan ƙare dangi ne. Allon bai san da su ba. Garin da ya iya faɗin gaskiya a ƙarƙashin Nikolai, a kan wannan bakinsa ya fi nauyi, ga shi kuwa daga tashar nan jiragen sojan suka tashi, ta nan kuma dukiyar Kamaru da Togo ta shigo. Akwai 'yan garin, baƙaƙe da farare, da ke ta da maganar, har an fara sake sunayen waɗansu tituna.

Wanda Allah ya kai shi garin, ya yi ƙoƙari ya kasance gindin Michel da ƙarfe 10 na safe ko ƙarfe 9 na dare, ran Lahadi kuwa da tsakar rana. Mai busa ya kan hau hasumiya da ƙahonsa, ya buɗe taga ta gabas ya busa waƙar sujada, ya rufe, ya yi haka kudu da yamma da arewa. Al'adar ta fi shekara 300, dā ita ke gaya wa mutane lokacin buɗe ƙofofin gari da rufe su, har aka daina rufe ƙofa ƙarshen 1860. In iska ta juyo wajenka za ka ji shi sarai bisa ƙarar motoci, in ta juya sai ka jira ya zagayo tagar da ke gefenka.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu.